Hanta da Maganin Damuwa: Abubuwan Mamaki a Taƙaice

Mutum biyu za su fito daga Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Titin Baga a Maiduguri riƙe da ƙwayar amitriptyline iri ɗaya, awo ɗaya. Ɗaya ya yini yana gyangyaɗi, baki a bushe, ɗayan kuwa ya ce tamkar bai sha komai ba. Sau da yawa ba jabun magani ba ne. Hantarsu ce ta bambanta.

A cikin hanta akwai wasu sinadarai da likitoci ke kira cytochrome P450. Aikinsu su liƙa wa magani iskar oksijin, su sauya masa kama har ya iya bin fitsari ya fita. Ka ɗauke su kamar injinan markaɗe na unguwa: na wani gidan na gudu, na wani na tafiyar hawainiya.

Fitaccen cikinsu shi ne CYP2D6. Kaɗan ne a hanta, amma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na magungunan da ake sha ta hannunsa suke bi. Yadda aka gano shi ma abin dariya ne. A 1975 wani masani a Landan, Robert Smith, ya gwada maganin hawan jini mai suna debrisoquine a kansa, sai jiri ya kayar da shi, abokan aikinsa da suka sha tare kuwa garau. Ashe nasa sinadarin ba ya aiki tun haihuwa. A Turai, mutum 5 zuwa 10 cikin 100 haka suke.

Afirka kuwa labarin ya sha bamban. A 1996 Collen Masimirembwa ɗan Zimbabuwe ya bayyana wani nau'in CYP2D6 mai sanyin jiki da ya yawaita a tsakanin baƙar fata. A shekarar kuma bincike a Habasha ya nuna kusan mutum 29 cikin 100 na da kwafin sinadarin fiye da ƙima, hantarsu na cinye magani kafin ya yi aiki. To ga shi mafi yawan awon da ke jikin kwali a kan Turawa aka gwada shi.

Wani abin mamakin, hanta kan haɗa magani da kanta. Idan ta taɓa amitriptyline sai ta mayar da shi nortriptyline, wanda shi ma maganin damuwa ne da ake sayarwa da sunansa.

Fluoxetine, wato Prozac, ɗan kama-wuri-zauna ne. Yana toshe CYP2D6 ɗin, kuma ɓurɓushinsa na yin makonni a jini. Shi ya sa likita kan jira mako 5 kafin ya sauya wa mutum zuwa wasu magungunan.

A nan ne zancen ya iso ƙofar gida. Tiramol, da ya addabi matasan Borno, sai CYP2D6 ya sarrafa shi kafin ya kashe ciwo sosai. Haka kodin, wanda gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tarinsa a 2018, sai hanta ta mayar da shi mofin. Mai shan fluoxetine idan ya haɗa da tiramol, ciwon ba zai lafa yadda yake so ba, sai ya ƙara ƙwaya. Daga nan sinadarin serotonin ya taru, zufa da rawar jiki da ruɗewa su biyo baya, wani har farfaɗiya. Mai kemis da ke miƙa tiramol ba tambaya, a ganina, yana da kaso a wannan alhaki.

Maganin zazzaɓin cizon sauro ma ba a bar shi a baya ba. Takardar da ke cikin kwalin Coartem ta ja kunne game da haɗa shi da amitriptyline ko imipramine. Wa ke karanta ta da damina?

Rifampicin na tarin fuka akasin fluoxetine yake yi: yana zaburar da hanta, maganin damuwa ya ƙare da wuri. Hayaƙin taba ma haka yake wa wasu magungunan, har naman da ya sha garwashi na ɗan taɓawa.

Masu goro da shayi, ga naku. Fluvoxamine, wani maganin damuwa, na toshe sinadarin da ke fitar da kafeyin na goro da shayi, har abin da jiki kan rage rabinsa cikin awa 5 ya kai awa 30. Goron hantsi sai ya hana barcin dare.

Magungunan damuwa na farko kuwa tsintuwa ce. A 1952 aka ba masu tarin fuka iproniazid a Niyok, sai aka ga sun ware suna fara'a.

Idan za ka ga likita, ɗan'uwa, tattara duk abin da kake sha ka tafi da shi, na kemis da na gargajiya, kuma kada ka ɓoye tiramol don kunya.