Harshen Fatake a Matsayin Harshen Ƙasa: Misalin Indunusiya

Indunusiya tana da harsuna fiye da 700, kuma a da Jawanci ne ya fi yawan masu magana da shi tun daga nono. Duk da haka, a taron matasa na 1928, zamanin mulkin Holan, ba shi aka zaɓa ba. Malayanci aka ɗauka, wato harshen fatake a tashoshin jiragen ruwa, aka raɗa masa sunan ƙasar. Dalili kuwa shi ne, Jawanci yana da matakan girmamawa masu wuyar koyo, kuma ɗaukaka shi zai sa sauran ƙabilu tsoron danniya. Tsarin mulkin 1945 ya tabbatar da wannan zaɓi, makarantu suka yaɗa harshen, har dubban tsibirai suka sami abin da ya haɗa kansu.