Me ya sa waya ke cewa "lokaci ya ƙare" alhali kuɗi sun tafi?

Masu saurarenmu, na ƙauyuka da ƴan uwa da ke ci-rani a Libiya ko Abijan, kan yi kuka da abu guda: ana cikin aika kuɗi ta waya sai ta yi shiru, can ta ce lokaci ya ƙare. Wani ya sake aikawa, kuɗin su fita sau biyu. To, mu leƙa cikin wayar mu gani.

Masu ƙera manhaja ba sa ƙirƙirar komai daga tushe. Akwai rumbun kayan aiki shiryayyu da suke ɗebowa. A tsarin Linux, wanda a kansa aka gina Android, cikin kayan nan akwai umarni mai suna poll, aikinsa jiran amsa. Amma sai an yanka masa wa'adi, kuma sakan guda ana raba shi kashi dubu ne. In an ba shi 5000, zai jira sakan 5. In an ba shi 0, leƙawa kawai zai yi ya dawo. In kuwa an ba shi -1, zai zauna jira har sai amsa ta zo, ko da za a kwana.

Me ya hana a bar shi ya yi ta jira? Rezo na iya yankewa a hanya, manhajar ta sandare. Android ma, in ka taɓa manhaja ta yi sakan 5 ba ta motsa ba, yakan tambaye ka: a rufe ta ko a jira?

Ga inda gizo ke saƙar. Idan wa'adi ya cika, abin da poll ke sanarwa shi ne amsa ba ta iso ba. Bai ce aikin bai yiwu ba. Kamar ka aiki yaro da kuɗi kasuwa ne, ka ce ya dawo kafin azahar. Azahar ta yi bai dawo ba. Mai yiwuwa tuni ya miƙa saƙon, dawowar ce ta makara.

Saboda haka, jama'a, in waya ta ce lokaci ya ƙare, kada a yi gaggawar sake aikawa. A ɗan dakata, a duba saƙon tabbaci da abin da ya rage a asusu, a kira wanda aka aika wa. In an tabbatar kuɗin ba su fita ba, sannan a sake.