Yadda A Ke Cire Fulin Injin Niƙa Idan Ya Fashe

Jama'a, kowa ya san amfanin injin niƙa a ƙauye. Ran da ya tsaya, mata su kan koma ga turmi da dutsen niƙa, tuwon dare ya yi latti, mai inji kuma ya rasa cinikin yini. Yau za mu koyi gyaran wata ɓarna da kan tsai da shi, watau fashewar fuli.

Fuli shi ne ƙarfen nan mai kama da faifai wanda bel ya ke hawa. Yana zaune a kan wani sandan ƙarfe da ya fito daga cikin inji, sunansa karanshaf. Tsakiyar fuli, inda sandan ya shiga, ita ce cibiya. Akwai ɗan kwarmi a jikin sandan, akwai wani a cikin cibiya. A nan a ke kafa wani ɗan ƙarfe mai kai, wanda makanikai ke ce wa ki. Shi ya ke riƙe su, su juya tare.

Ga abin da mu ke so kowa ya riƙe: fuli yana da araha, karanshaf kuwa tsada gare shi. In karanshaf ya lalace, sai an kwance inji duka. Kada garin neman gira mu rasa ido.

Da fari mu kashe inji, mu rufe mai, mu zare hannun tayarwa, mu sauke bel. Mu tokare babban wilin nan mai nauyi da itace don kada ya juya. Yara su ja da baya.

Sa'an nan mu goge sandan da samfefa har tsatsa ta fita. Mu zuba kananzir a bakin cibiya, mu bari ya kwana. Kada a kawo wuta ko taba kusa.

Da safe mu duba ko akwai noti a jikin cibiya, mu kwance shi da sifana. Mu ɗora guntun itace a kan cibiya, mu buga shi a hankali, fuli ya ɗan matsa wajen inji. Dalili kuwa, ki ya fi kauri ta wajen kansa, in fuli ya matsa ciki sai ya sake shi. Daga nan mu sa kurfi tsakanin kan ki da cibiya, mu riƙa bugawa kaɗan kaɗan har ya fito. Mu adana shi. Yanzu mu murɗa cibiya dama da hagu, muna ja, har ta zare.

In ta ƙi fa? To, a nan mutane da yawa su kan yi kuskure. Su kan ɗauki guduma su bugi bakin karanshaf. Bakin ya kan buɗe kamar kan tsohuwar turke, fuli ba ya fita, sabo kuma ba ya shiga. Kada mu yi haka. Tun da fulin ya riga ya mutu, shi za mu yanka. Mu sa zarton ƙarfe daidai bisa kwarmin ki, domin a nan zarto ba zai taɓa sandan ba. In ya kusa hudawa, mu kafa kurfi a tsagin, mu buga. Fuli ƙarfen zubi ne, tsagewa ya ke yi kamar tukunya. Mu kāre idanunmu da tabarau, gama ɓarɓashi ya kan yi tsalle.

Kada mu yarda a like fasasshen fuli a mayar. Injin Lister mai ƙarfin doki 6 yana juyawa sau 650 a minti ɗaya. In likin ya saki, guntun ƙarfe zai tashi kamar harsashi, ga mata da yara kewaye da inji. Mu kai guntayen birni, a gwada, a ba mu sabo daidai da shi. Kafin mu sa, mu shafa wa sandan baƙin mai, mu lura fulin ya yi saiti da na maniƙa, don kada bel ya riƙa zamewa.

Tambayoyi
1. Mene ne aikin ki?
2. Don me ba a bugun bakin karanshaf?
3. A ina a ke sa zarto?