Tururin Man Dizal a Ɗakin Injin Jirgin Ruwa

Man dizal ba ya saurin kama wuta kamar fetur, abin da ke sa ma'aikatan jirgi da dama sakin jiki da shi. Fetur ko cikin tsananin sanyi yana fitar da tururi mai kamawa, dizal kuwa sai ya ɗau zafi tukuna. Shi ya sa yarjejeniyar SOLAS, mai kula da tsaron rayuka a teku, ta sharɗanta cewa man injin jirgi ya kasance wanda tururinsa ba ya kamawa ƙasa da digiri 60.

To amma ɗakin inji ba ya rabuwa da zafi, balle a kogin Wuri, inda jiragen su da masu jan manyan jirage a tashar Duwala ke aiki cikin gumi shekara tana zagayowa. Babban haɗari shi ne bututun mai ya tsage, man ya fito feshi ya sauka kan salansa. Nan take wuta ke tashi, ko da babu tartsatsi. Saboda haka dokar ta ce duk ƙarfen da zafinsa ya haura digiri 220, kuma mai zai iya taɓa shi, a naɗe shi.

Gurɓataccen mai ya fi wannan muni. Ɗan fetur kaɗan in ya shiga dizal, ya isa ya sa shi kamawa a zafin ɗaki, tururinsa kuma ya fi iska nauyi, sai ya kwanta can ƙasan jirgi.

Maganin shi ne iska ta riƙa ratsa ɗakin: kafa ɗaya tana shigo da iska mai sanyi, wata tana fitar da mai zafi, fanka na zuƙo abin da ya kwanta ƙasa. Da damina akan toshe kafofin da leda saboda ruwan Duwala, wani lokaci kuma buhunan kifi ne aka jibge a kansu. Wannan ganganci ne. Inji ya rasa iska, ya fara baƙin hayaƙi, guba marar wari ta taru.

'Yan kasuwar New Bell da Grand Hangar a Duwala masu shiga jirgi daga Yupwe zuwa tsibirin Manoka suna da nasu rabon: kaya su nisanci kafofin iska, jarkokin mai su zauna a sarari a rufe, wanda ya ji jiri ko ciwon kai a fito da shi waje nan take.