3.2 Kauce wa Gurfanar da Yara Masu Shaye-shaye a Kotu

Abin da ake nufi a nan shi ne warware laifin yaro ba tare da an kai shi gaban alƙali ba. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta Tarayya ta 2003 ta ba 'yan sanda da masu gabatar da ƙara wannan dama idan laifin bai yi tsanani ba, ta hanyar sulhu ko nasiha ko sa ido. Jihar Kaduna ta kafa tata dokar kare yara a 2018.

Wannan hanya ta sha bamban da Gidan Horon Kangararru na Bosta da ke Barnawa, domin can sai kotu ta yanke hukunci ake kai matashi. Yaron da aka kama da ƙullin wiwi ko kwalbar kodin kuwa, sau da yawa magani ya fi buƙata, kamar wanda ake bayarwa a Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya, Barnawa. Idan aka tsare shi tare da riƙaƙƙun masu laifi, yana iya rasa karatunsa, ya kuma fito da halin da ya fi na da muni.