Kalandar Manomi a Matsayin Jagorar Koyar da Ƙidaya da Rubutu a Azuzuwan Share Fage: Misali Daga Ƙasar Bakori

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda za a iya jera darussan ƙidaya da na fara rubutu a ajin share fagen shiga firamare bisa lokutan shekara na manomin Bakori. Ta nuna cewa zangunan karatu uku suna faɗuwa ne a kan kaka da rani da farkon damina, kuma wannan jeri ya dace da matakan da yaro ɗan shekara biyar ke bi daga taɓa abu zuwa zana alamarsa.

1.0 Gabatarwa

Bakori tana kudancin Jihar Katsina, a kan hanyar da ta tashi daga Funtua zuwa Malumfashi, cikin yankin da ya yi suna wajen noman masara da dawa da auduga da waken suya. A wannan yanki ne aka kafa Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Funtua a 1975 da tallafin Bankin Duniya, ɗaya daga cikin irinsa uku na farko a Nijeriya tare da na Gusau da na Gombe. Yaron da ya tashi a nan yakan san bambancin goyon masara da zangarniyar dawa tun kafin ya riƙe fensir.

Dokar Ilimin Bai-Ɗaya ta 2004 ta sanya renon ƙananan yara cikin ilimin tushe, sannan bugun 2013 na Manufar Ilimi ta Ƙasa ya ware shekara ɗaya ta share fage ga ɗan shekara biyar, wato ajin da jama'a ke kira rabin aji. Manufar ta ce a koyar ta hanyar wasa, kuma da harshen uwa ko harshen da ake yi a muhallin yaro. Sai dai batun harshe bai zauna wuri ɗaya ba. A Nuwamban 2022 gwamnatin tarayya ta amince da koyarwa da harshen uwa har ƙarshen firamare, a Nuwamban 2025 kuma aka sanar da janye wannan mataki. Duk yadda ta kaya a Abuja, malamar rabin aji a ƙauyen Bakori tana fuskantar yaran da ba su jin wani harshe sai Hausa, kuma sau da yawa ba ta da kayan koyarwa sai allon bango da alli.

Akwai kuma matsalar abin da ake kwaikwayo. Darussan ƙananan yara da ake samu a intanet da littattafan da aka tsara a Turai da Amurka an gina su a kan lokuta huɗu na can: a ƙirga ganyen da ya kaɗe, a zana mutum-mutumin ƙanƙara. Masu fassara kan tilasta wa kalmomin Hausa ɗaukar wannan kaya, har a ga an kira lokacin tohon furanni na Ingila da sunan bazara, alhali bazarar Bahaushe lokaci ne na tsananin zafi da jiran ruwa. Tunanin da ke ƙarƙashin darussan mai kyau ne, domin tun lokacin da Friedrich Froebel ya raɗa wa makarantarsa suna lambun yara a Jamus a 1840 ake ɗaure karatun ƙanana da abin da ke tsirowa a gabansu. Kuskuren yana wajen aron shekarar wasu.

2.0 Zangon Farko: Kaka da Ƙidaya

Shekarar karatu tana farawa a watan Satumba, daidai lokacin da masara ta nuna, zangon kuma yana ƙarewa a Disamba bayan an yanke dawa ana cirar auduga. Babu wani lokaci a shekara da abin ƙirgawa ke yawaita kamar wannan, kuma ƙirga abu da hannu shi ne matakin farko.

Rochel Gelman da C. R. Gallistel, a littafinsu na 1978 kan fahimtar yaro game da lamba, sun fayyace ƙa'idoji biyar da ke cikin ƙidaya: kowane abu ya sami lamba ɗaya tak, lambobin su zo a jeri ɗaya kullum, lambar ƙarshe ta zama adadin tarin, kowane irin abu yana ƙirguwa, kuma ta kowane gefe aka fara adadin bai canzawa. Yaron da ke rera ɗaya zuwa ashirin da ka, kamar yadda ake yawan ji ta tagogin makarantu, ya riƙe ta biyu ce kawai. Idan aka zuba masa totuwa bakwai aka ce nawa ne, yana iya taɓa ɗaya sau biyu, ko ya gama ƙirgawa a sake tambayarsa ya koma farko, domin bai gane cewa bakwai ɗin da ya faɗa ita ce amsar ba. Gyaran wannan ba ya samuwa a allon bango. Yana samuwa idan yaro ya ɗauki totuwa ɗaya ya matsar da ita gefe yana faɗin lambarta, sannan aka watsa su aka ce ya sake.

A nan akwai abin lura na al'ada. Bahaushe ba ya son ganin ana wasa da abinci, kuma iyaye da dama ba za su ji daɗin a watsar da tsaba a ƙasa da sunan darasi ba. Abin da ya fi dacewa shi ne ragowar amfanin gona: totuwa, da karan dawa da aka yanka gaɓa-gaɓa, da ɓawon gyaɗa. Waɗannan sun fi tsaba girma, ba sa shiga hanci ko kunne, kuma babu wanda zai yi ƙorafin an ɓarnatar da su. Angurya da duk irin da aka cuɗa da maganin ƙwari ba su da wuri a aji.

Kara yana da wata fa'ida ta daban, wato ɗaurewa. Idan yara suka ɗaure guntayen kara goma da zare suka kira shi dami, sun kama tushen ƙidayar goma-goma da hannunsu, kuma sun san dami daga gida, inda manomi ke ware dami ɗaya cikin goma don zakka. Harshen ma yana taimakawa. Goma sha uku tana faɗin kanta: dami ɗaya da kara uku. Ingilishi ba shi da wannan sauƙi a sha ɗaya da sha biyu, kuma binciken da Irene Miura da abokan aikinta suka yi a shekarun 1980 a kan yaran Gabashin Asiya ya danganta irin wannan bayyanannen suna da saurin fahimtar matsayin lamba, ko da yake masana sun yi saɓani a kan girman tasirinsa. Inda Hausa ke da tsauri shi ne daga ashirin zuwa casa'in, domin sunayen aro ne daga Larabci, kuma babu abin da ke cikin kalmar talatin da zai gaya wa yaro cewa goma uku ce. Tsohuwar ƙidaya ta gomiya biyu da gomiya uku tana iya zama gada: a ce dami biyu, gomiya biyu, sannan ashirin. Haka nan salon ashirin ba ɗaya da ashirin ba biyu, wanda har yanzu ake ji a bakin dattawa, ɗebewa ce a cikin sunan lamba, kuma ya cancanci masana harshe su dube shi ta fuskar koyarwa fiye da yadda aka yi.

Awo da tiya ya fi kyau a bar shi a matakin cikawa da juyewa da yashi: gwangwanin madara nawa ke cika kwano, wanne ya fi wanne. Lissafin tiya nawa ke buhu na manyan azuzuwa ne.

3.0 Zango na Biyu: Hunturu, Rani da Siffar Baƙi

Daga Janairu zuwa Afrilu ƙasa a bushe take, abin ƙirgawa ya ragu, amma farfajiyar makaranta ta zama allo. Maria Montessori, wadda ta buɗe gidan yaranta na farko a birnin Rum a 1907, ta sa yara bin siffar baƙi da yatsa a kan takarda mai kaushi kafin su riƙe alƙalami, domin hannu ya san hanyar kafin a ɗora masa nauyin riƙo. Faifai ko tire da aka zuba wa rairayi yana yin wannan aiki, kuma kuskure yana gogewa da shafa ɗaya. Da sanyin safiyar hunturu yatsun yara kan sandare, don haka ya fi kyau a fara da tsalle da tafi, a jinkirta aikin yatsa sai hantsi.

Rani kuma lokacin gini ne, ana kwaɓa ƙasa ana yin tubali a kowace unguwa. Laka kaɗan ta isa yara su murza su lanƙwasa su yi baƙaƙe, su shanya su a rana. Wannan yana da muhimmanci na musamman ga rubutun boko na Hausa, saboda b da d, waɗanda ke rikita yara a ko'ina, a nan sun zama huɗu da zuwan ɓ da ɗ, ga kuma k da ƙ. Yaron da ya ɗauki b ta laka ya lanƙwasa kanta da yatsa ta zama ɓ ya san inda ƙugiyar take. Kalmomin da za su nuna masa cewa ƙugiyar tana canza ma'ana suna cikin aikin gida: daka da ɗaka, bara da ɓara, kara da ƙara. Na ƙarshen nan ya haɗa darussan biyu wuri ɗaya, tunda da kara ake koyon ƙara.

Sunayen amfanin gona sun dace da jerin gaɓoɓi daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Dawa da gero da wake da masara duk baƙi ne da wasali, ana tafa su gaɓa-gaɓa. Shuka da tsaba da gyaɗa suna kawo sautin da ake rubutawa da baƙi biyu, auduga kuma tana farawa da tagwan wasali, sai a ajiye su zuwa gaba. Shirin RANA na karatu da lissafi cikin Hausa, wanda aka fara a jihohin Katsina da Zamfara a ƙarƙashin UNICEF, ya bi hanyar sauti da gaɓa a ƙananan azuzuwan firamare, saboda haka yaron da ya saba da tafa gaɓa a rabin aji ba zai ga baƙon abu a aji ɗaya ba.

Kada kuma a manta cewa yawancin waɗannan yara suna zuwa makarantar allo ko Islamiyya. A can ana fara babbaƙu kafin farfaru, ana rubutu da alƙalamin kara daga dama zuwa hagu. Wannan riba ce, domin yaro ya riga ya san cewa alama tana ɗauke da sauti. Amma tana kawo ruɗanin alkibla, kuma malamar da ta ga yaro ya fara daga dama bai kamata ta ɗauka rashin fahimta ba ne. Dutse ɗaya a gefen hagu na faifan rairayi, a matsayin wurin farawa, yakan wadatar.

Ƙidaya ba ta tsayawa a wannan zango. 'Yar gala-gala da aka rubuta wa lambobi a gidajenta, da carafke, da kasa duwatsu kashi-kashi irin na mai tumatir a kasuwa, duk suna riƙe ta. Hausa tana da siga ta musamman ga wannan, bibbiyu da uku-uku da biyar-biyar, wadda ita ce ƙofar ninkawa da rabawa.

4.0 Zango na Uku: Bazara, Shuka da Adana Bayani

Zango na uku yana farawa cikin zafin bazara ya ƙare a Yuli bayan ruwa ya zauna. A nan ne ƙidaya da rubutu suke haɗuwa, domin akwai abin da ke canzawa kullum wanda ya cancanci a rubuta shi.

Shuka kanta darasi ce da yara suka sani: babba yana gaba yana sara da sungumi, ƙanana suna biye suna zuba iri suna rufewa da ƙafa. Kowane rami da rabonsa, tazara kuma da taki ake auna ta. Kunya biyu ko uku a cikin harabar makaranta sun isa a maimaita wannan da waken da ba a sa wa magani ba. Zama cikin harabar ba zaɓi ba ne kawai, domin matsalar tsaro da ta addabi kudancin Katsina, musamman tun bayan sace ɗaliban Ƙanƙara a Disamban 2020, ta sa fita da ƙananan yara zuwa gonakin bayan gari abu ne da iyaye ba za su amince da shi ba. Inda babu katanga kuma awaki suna shiga, gwangwani a bakin taga yana maye gurbin kunya.

Kowane yaro ya rubuta baƙin farko na sunansa a jikin gwangwaninsa, wanda ga da yawansu shi ne rubutu na farko da ke da amfani a wurinsu. Wake yana tsirowa cikin 'yan kwanaki. Duk mako sai a yanki kara daidai tsawon tsiron a jingine shi a bango kusa da na makon jiya, a rubuta lambar makon a ƙarƙashinsa. Bayan wata ɗaya bangon ya zama jadawali da yaro zai iya karantawa ba tare da an fassara masa ba. Awo da taki yana tayar da tambaya mai kyau da kansa: takin malama biyar, na Audu takwas, a kunya ɗaya. Daga wannan saɓani ake gane dalilin ma'auni guda da kowa ya yarda da shi. Haka kuma ana iya ja layi ɗaya a bango duk ranar da aka wayi gari da ruwa, a ɗaure layukan biyar-biyar, a ƙarshen mako a rubuta adadin da lamba.

Wannan zango yana da cikas nasa. Zuwan yara yana raguwa da faɗuwar ruwa, domin ko waɗanda ba su isa aiki ba sukan rasa yayyen da za su rako su, kuma dogon hutu yana cinye marka, lokacin da shukar aji take kan ganiyarta. Saboda haka wake mai saurin nuna ya fi masara ko dawa dacewa, kuma ya kamata a bar kowane yaro ya tafi gida da gwangwaninsa da karan awonsa a ranar da aka ba da hutu. Azumi da sallah biyu kuwa suna bin watan Musulunci, suna matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, don haka ba za a kafe su a wani zango ba. Sai dai malama ta duba inda suka faɗo a farkon shekara ta sanya ƙirgen kwanakin wata da rubuta gaisuwar sallah a wurin.