Haruffa Masu Kaurin Madogari da Matsayinsu a Ɗab'in Hausar Boko

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana siffar wani nau'in haruffan ɗab'i da Turawa ke kira silab-serif, da wuraren da ya dace a yi amfani da shi a rubutun Hausa. Madogari a nan shi ne ɗan gajeren layin da ke toshe bakin kowace sandar harafi, sama da ƙasa. A wannan nau'i kaurinsa yakan kusa kai na sandar kanta.

2.0 Asali da Siffa

Vincent Figgins ne ya fara fitar da irin waɗannan haruffa a Landan wajen 1815, domin takardun talla da ake liƙawa a bango. A 1845 Robert Besley ya fito da Clarendon, sannan kamfanin Monotype ya fitar da Rockwell a 1934. Siffarsu ita ce nauyi da tsayuwa daram, ta yadda ido zai tsinkaye su daga nesa. Saboda haka sun fi dacewa da kanun jarida, da bangon littafi, da allunan hanya, da kalmomin da ake fassarawa a ƙamus. Amma idan aka buga dogon sakin layi da su, shafi yakan yi duhu, ido ya gaji.

3.0 Matsalar Ƙugiya

Tun daga shekarun 1930, ƙugiya ce ke bambanta ɓ, ɗ, ƙ da b, d, k a Hausar boko. Wannan ƙugiya kuwa a kan sanda take zama, daidai inda madogari yake. A manyan baƙaƙe Ɓ da Ɗ ma ɓangaren hagu take fitowa, inda madogarin B da D ya turo. Idan kauri ya yi yawa, ko tawada ta bazu, sai su saje. Faɗa ya koma fada, baƙi ya koma baki. A Abuja, inda hukumomin tarayya suka tattaru tun 1991, allon da ke nufin “hukuma ta ƙasa” yana iya karantuwa “hukuma ta kasa”.

Tanadar wa harsunan Nijeriya haruffan da suka dace da su ya sa Cibiyar Harsuna ta Ƙasa ta ɗauki nauyin aikin Pan-Nigerian a shekarun 1980, wanda Hermann Zapf ya kammala zanensa. Cibiyar ta shige cikin NERDC a 1988, mai hedikwata a Sheda.

4.0 Kammalawa

Ke nan, kafin maɗaba'a ta zaɓi harafi mai kauri, wajibi ne ta gwada shi da tagwayen kalmomi irin su kara da ƙara, bata da ɓata, a girman da za a buga. Idan ƙugiya ba ta fito sarari ba, harafin bai dace da Hausa ba, kome kyansa.